Jama'ar da Sanyi ke Korowa Gidajen Tarihin Landan

A watan Disamba rana kan faɗi a Landan tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, ga yayyafi, ga iska mai ratsa ƙashi. Manyan gidajen tarihin birnin kuwa kyauta ake shiga, kuma cikinsu da ɗumi. Shi ya sa hunturu ke tara musu mutane iri-iri, da yawansu ba tarihi ne ya kawo su ba.

Na farko 'yan fakewa. Za ka gan su a benci sun ƙura wa zane ɗaya ido, har ka ce wane irin zurfin tunani ne wannan. Matsa kusa, gyangyaɗi suke yi. Ba na ganin laifinsu. Akwai wani benci mai daɗin zama a Gidan Zane-zane na Ƙasa da ke Dandalin Trafalgar, amma ba a bakina za ku ji inda yake ba.

Sai mai jakar goyo, wanda ya ƙi biyan kuɗin ajiyar kaya. Rigar sanyi kan rigar sanyi, jiƙaƙƙiyar laima a hammata, duk juyin da ya yi sai ya maki mutum biyu. Ga mai sauri, da ya rantse sai ya gama Gidan Tarihin Birtaniya kafin azahar, gidan da aka buɗe tun 1759 ake ta jibga masa kaya. 'Yan hoto kuma suna can Gidan Zane-zane na Ƙasa cincirindo gaban furannin da Van Gogh ya zana a 1888, kowa ya ba zanen baya yana washe wa wayarsa baki.

Amma gwanina shi ne Malam Na-Sani. Na ji shi da Turanci, na ji shi da Larabci, kuma wallahi na ji shi da Hausa. Ba ya zuwa shi kaɗai, dole da wanda zai yi wa karatu, yawanci matarsa, baiwar Allah. Hannuwa a baya, tabarau a ƙarshen hanci. Dabararsa ita ce ya riga kowa isa, ya saci kallon bayanin da aka liƙa a bango, sannan ya juyo ya zuba shi kamar a kansa aka haife shi. Matsalar, rabi yake samun karantawa, sauran rabin ya cike da nasa. A gaban Dutsen Rosetta zai ce Turawan Ingila ne suka tono shi, alhali sojojin Faransa ne suka tsince shi a Masar a 1799, Ingilishi suka karɓe bayan sun ci su da yaƙi. Zai ma nuna rubutun Fir'aunonin da yatsa yana gyaɗa kai, wai ya ɗan gane wasu wurare. In baƙi suka fara tsayawa bayansa suna zaton jagoran gidan ne, shi ke nan, murya ta ƙaru, an shiga daular da ba a taɓa yi ba.

Ka bi shi Tate Modern, tsohuwar tashar lantarkin nan da aka mayar gidan zane a 2000, ka sha kallo. Zai tsaya gaban kwafin aikin Marcel Duchamp na 1917, ya ja da baya taku uku, ya karkata kai, ya soma bayani kan ruhin zamani.

"Alhaji, wannan fa abin fitsarin maza ne," in ji matar a hankali.

"Ke dai ba ki gane ba, Hajiya."

Ita ce ta gane. Abin fitsarin ne, shi Duchamp ɗin da gangan ya yi.

Duk waɗannan ina iya zama da su lafiya. Wanda ke ɓata mini rai yana ƙasa, a sashen Afirka na Gidan Tarihin Birtaniya, inda aka jera farantan tagullar Benin. A 1897 sojojin Birtaniya suka afka wa birnin, suka kwashe kayan fada, aka kai sarkin birnin, Oba Ovonramwen, gudun hijira Kalaba. Kayan masarautar fiye da 900 ne a gidan nan. Mutumin namu zai hango baƙar fata tsaye, ya matso da fara'a, ya tambaye ka ko daga Najeriya kake. Da ka amsa, sai ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya, ya ce ai gara da aka kawo su nan, da tuni sun salwanta.

Farantan nan tun wajen ƙarni na 16 aka ƙera su, suna fadar Oba ɗaruruwan shekaru ba abin da ya same su, sai ranar da masu bindiga suka iso. Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar nata a 2022, Gidan Tarihin Horniman da ke cikin Landan ɗin ma ya yi haka a shekarar. Maƙeran unguwar Igun da har yau suke zuba tagulla a Benin kuwa sai sun nemi biza kafin su ga aikin kakanninsu. Kana cikin haɗiye wannan duka, sai ya miƙo maka wayarsa, wai ka taimaka ka ɗauke shi hoto a gabansu.