Atisayen Dala

Kafin tafiya Umra na ci alwashin sai na hau Jabalun Nur, dutsen da Kogon Hira yake, mai tsayin kusan mita 640. Sati biyu ina atisaye a Dutsen Dala, hawa da sauka kamar mai bin bashi. Na sayi kambas da tocila, na cika jaka da dabino da gorar ruwa biyu. Da na je Umra, bayan asuba na fara hawan Jabalun Nur, don gudun rana. Ban kai rabi ba gwiwoyina suka ce ba da su aka yi shawarar ba. Ina zaune ina haki, wata tsohuwa 'yar Turkiyya ta wuce ni da silifas, tana jan carbi. Dabinon kuwa, biri ya riga ni buɗe jakar.