Wa Ke Riƙe da Linzamin Shari'ar?

Wani ɗan kasuwar albasa a Dogon Daji ya haɗa hannu da ɗan kawunsa na Kebbe, suka loda mota zuwa Legas. Ba ta wuce Kontagora ba ta lalace, ta kwana biyar a gefen titi, albasa ta ruɓe. Na Dogon Daji ya ce kuɗinsa bashi ne, a biya shi. Na Kebbe ya ce jari suka zuba tare, riba tare, asara tare. Babu takarda, domin ba a saba rubutu tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ba.

Dattawan gida suka zauna bayan la'asar, suka ce a raba asarar biyu, kowa ya yi haƙuri. Saura kaɗan a shafa fatiha.

A daren nan wani Alhaji mai hali ya aika aka kira na Dogon Daji. Ya ce masa: "Ɗana, kada ka bari a ci haƙƙinka. Kai ƙara. Kuɗin lauya nawa ne, kuɗin mota nawa ne. In ka ci, mu raba. In ka faɗi, ban bin ka ko sisi." Yaro ya ga rahama ta sauko. Ya sa hannu a takarda, bai tsaya kan layin da ya ce ba zai karɓi sulhu ba sai da yardar Alhaji.

Ban ga laifin taimakon mai gaskiya da ba shi da ƙarfi ba. Mutane da yawa sun bar haƙƙinsu don tsoron kuɗin kotu, kuma wanda ya ɗauke musu wannan nauyi ya yi alheri. Hukuma ma ta yarda da haka. Dokar sasanta rigingimun kasuwanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2023 ta halatta wani ya ɗauki nauyin ƙarar wani a gaban kwamitin sasantawa, amma da sharaɗi: dole a bayyana sunansa da adireshinsa ga abokin shari'a da masu hukunci. Ba a yarda ya tsaya a duhu ba.

Alhajin labarinmu a duhu ya tsaya. Aka fara a Tambuwal, aka ɗaukaka ƙara zuwa Sakkwato, ana ɗagewa ana komawa. Damina uku ta wuce. Na Kebbe ya sayar da shanun noma, ya sayar da injin ban ruwa, sannan ya aiko cewa ya amince zai biya kashi biyu cikin uku. Na Dogon Daji ya yi murna, ya garzaya wurin Alhaji. Alhaji ya ce a'a, sai an kai ƙarshe. A nan ne yaro ya ji daga bakin dillalai cewa tun kafin motar ta lalace Alhaji ke neman fadamar na Kebbe, an hana shi.

Irin wannan ya taɓa ƙasa gaba ɗaya. Kamfanin P&ID ya ƙulla kwangilar iskar gas da Najeriya a 2010, bai gina komai a Kalaba ba, amma a 2017 kwamitin sasantawa a Landan ya yanke cewa Najeriya ta biya shi dala biliyan 6.6. Wani kamfanin zuba jari, VR Capital, ya sayi kashi ɗaya cikin huɗu na P&ID, ya shiga bin bashin da kuɗin ruwa ya kai sama da biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 babbar kotun Landan ta gano cin hanci a tushen lamarin, daga baya ta rushe hukuncin.

A labarinmu kuwa, mahaifiyar na Dogon Daji, wadda ɗan ƙaninta ake neman tsiyatawa da sunan ɗanta, ta yafa mayafi ta je gidan Alhaji da kanta. Ta gaishe shi, ta ce: "Alhaji, nawa ka kashe? Faɗa mini a gaban liman, in sayar da tumakina in biya ka. Ka sakar mini yarana su shirya."

Alhaji ya ce zai duba littafi. Ta ce ba ta tashi sai an kira liman.