Masanan Teburin Mai Shayi

Duk wanda ya taɓa zama shan shayi a tashar Tambuwal, kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya san Allah ya hore mana masana kimiyya. Takarda ce kawai jami'a ta hana su.

Jagoransu Malam An-Turo-Mini. Gilashin wayarsa a fashe, an ɗaure ta da kyauro, amma babu cutar da ba ta da magani a ciki. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, shi ya tashe mu tun kafin asuba: a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Ba zan ɓoye ba, na yi. Na wuni fari fat kamar wanda ya kwana a injin niƙa. Ebola ta tsaya a Legas da Fatakwal, masu hawan jini ne suka ji jiki. A 2020 ya dawo da cewa 5G ke kawo korona, alhali sai 2022 ta shigo Najeriya, kuma a wasu ƙauyukan Kebbe har yau sai an hau tudu kafin kira ya shiga. Ka yi masa gardama, ya miƙo maka wayar: "Wanga zance gaskiya na, likitan Indiya yaf faɗi!"

Sai Dokta na kemis, mai auna jini da ido. Kowane zazzaɓi a wurinsa maleriya ce da taifod. Allura ta fi ƙwaya, ƙarin ruwa ya fi allura, kafso biyu sun isa idan kuɗinka nan suka tsaya.

Baba Tsoho ya rantse ɗanyen mangwaro da sabuwar masara ke kawo zazzaɓi. Macen sauro na cizonsa yana zagin masara. Gidan sauron da aka ba shi kyauta kuwa yana lambu, an lulluɓe irin tumatir da shi.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Alhaji Akwai-Manufa. Tun 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin yana hana haihuwa, bai sauka daga wannan dokin ba. Kano ta ci gaba da ɗigon a 2004, bayan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A Agustan 2020 aka tabbatar shan inna na asali ya kau daga Afirka. Alhaji ko gezau. 'Ya'yansa mata duk an ɗiga musu a ɓoye yana kasuwa, kuma raguna nawa ya saya na sunan jikoki, shi kansa ya daina lissafi.

Akwai kuma ɗan boko da ke yi wa kowa dariya, sannan ya gyara zama ya ce kashi goma kacal na ƙwaƙwalwa mutum ke amfani da shi. Wataƙila kansa ya auna.

Malam An-Turo-Mini, idan wannan ya iso wayarka, don Allah tura shi gaba kamar yadda ka saba.