Jaz Mara Linzami da Ire-iren Masu Sauraronsa

Ranar da wani abokina ya fara kai ni sauraron irin wannan kiɗa, a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne a gabashin Landan, hunturu ya kankama. Mutum huɗu suka hau dandamali. Mai ganga ya soma goga sanda a bakin farantin tagulla, mai saksofon ya saki wata ƙara irin ta ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba, mai fiyano kuma ya zura hannu cikin akwatin yana tsinkar wayoyi. Na gyara zama ina jira su gama gwada kaya. Da aka ci minti 15 na raɗa wa abokina, "Mutumina, wai yaushe za su fara?" Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ai sun kusa gama na farko."

Jaz na asali yana da hanya. Makaɗa su busa karin waƙa tare, kowa ya karɓa bi da bi ya yi nasa adon a kan shimfiɗar da aka yarda da ita, sannan a dawo gida a rufe. A 1959 Ornette Coleman ya iso gidan kiɗa na Five Spot a New York da farin saksofon na roba, ya naɗe shimfiɗar ya ajiye gefe. A ƙarshen 1960 ya tara makaɗa 8, huɗu a lasifikar dama, huɗu a ta hagu, suka yi minti 37 kowa yana faɗin albarkacin bakinsa lokaci guda. Faifan ya fito da sunan Free Jazz, mujallar DownBeat kuma ta ba mutum biyu su auna shi: ɗaya ya ba shi tauraro biyar, ɗayan ya hana shi ko guda. Shekara goma bayan haka Miles Davis ya jona jaz da lantarki, ya zuba masa jita da ganguna irin na matasan zamanin, ya fitar da Bitches Brew a 1970. Na farkon shi nake kira jaz mara linzami. Na biyun, wanda masu shi ke ce wa fiyushan, a wurina dafa-duka ne.

Kiɗan da ba ya gaya maka inda aka nufa yakan tona asirin mai sauraro. Duk wanda ke ɗakin ya ɓata hanya, amma ba mai son a gane, saboda haka kowa da sandar da yake dogarawa. Na daɗe ina kallon masu sandunan nan.

Ƙadangare

Shi za ka fara hanga, don kansa ba ya tsayawa. Yana gyaɗa shi ne a kan wani bugu da mai ganga bai yi ba, ba kuma wanda ya ji shi. Ido a rufe, goshi a tamke, jifa-jifa ya saki "mm" irin ta mai ɗanɗana miyar surukarsa. Wani dare mai tarampet ya juya gefe ya buɗe ɗan makullin ƙasa ya fesar da yawun da ya taru a ciki, Ƙadangare ya yi wata doguwar gyaɗa har gemunsa ya taɓa ƙirji. Amma a yi masa adalci. Tun ƙarshen shekarun 1960 'yan Art Ensemble of Chicago suke hawa dandamali da ƙararrawa da usur da hon ɗin keke, duk a matsayin kayan kiɗa. Daga nan ba wanda zai iya rantsuwa cewa kukan kujerar maƙwabcinsa ba ya cikin waƙar. Ƙadangare ya ga gara ya yi asarar gyaɗa goma da a ce ta gaske guda ta wuce shi.

Akawun Faifai

Kada ka kuskura ka ambaci Ascension na John Coltrane a gabansa, sai in ba ka da jirgin da za ka kama. Zai gaya maka an naɗe shi ranar 28 ga Yuni 1965, makaɗa 11 ne, kuma sau biyu aka yi. Faifan ya riga ya shiga kasuwa Coltrane ya ce ɗayan yake so, kamfani ya musanya, aka kwarzana "Edition II" a santsin da ke kusa da ramin faifan. Akawu yana da duka biyun, kowanne cikin rigar leda, kuma sai ya wanke hannu yake taɓa su. Ya san cewa Teo Macero ne ya yi ta yanka tef ɗin Bitches Brew yana liƙawa har ya zama abin da muke ji. Ya san wanda ya zana bango, ya san garin da aka buga. Ka tambaye shi yadda kiɗan ya taɓa zuciyarsa, sai ya dube ka kamar ka tambayi albashinsa a gaban jama'a.

Mai Ƙidaya

Ɗan gidan dafa-duka ne. Za ka gane shi da yatsunsa, suna ta kai-kawo a kan cinya kamar mai jan carbi. Yawancin kiɗan duniya yana tafiya huɗu-huɗu ne, shi kuwa ya raina duk abin da yaro zai iya tafa wa. Gwaninsa John McLaughlin, mai jita mai wuya biyu, wanda ƙungiyarsa Mahavishnu Orchestra ta fitar da The Inner Mounting Flame a 1971 da waƙoƙi masu tafiya tara-tara da goma-goma. Idan ƙidayarsa ta faɗo daidai da ta mai ganga, sai ya waiwaya ya ga ko an lura. Ba a lura ba. Yana da jitar bas a ƙarƙashin gado, wadda ya cire wa ƙarafan wuya don ya ji Jaco Pastorius na Weather Report ya yi haka, tun ranar kuma ba ta sake fitar da sauti daidai ba. A wurinsa gwaninta gudu ce. Da tela zai hau dandamali da keken ɗinki, in dai ƙafarsa tana sauri, Mai Ƙidaya zai sayi tikiti.

Tsakanin mutanensa da na mara linzami zaman kishiyoyi ake. Na mara linzami su ce 'yan dafa-duka sun sayar da jaz don kuɗi, 'yan dafa-duka su ce na mara linzami ba su iya kiɗa ba ne suka laƙaba wa abin 'yanci. In ka ga sun haɗa kai, to uwargida ce ta shigo, wato jaz na da, ta ce su duka biyun ba da saninta aka ɗaura ba.

Mai Zaman Makoki

Shi ne wakilin uwargida. Jaz ya mutu, abin da ya zo gaya maka ke nan. Ranar rasuwar ce take sauyawa da yanayinsa. Wani lokaci 1959 ce, da zuwan farin saksofon na roba. Wani lokaci 1967, shekarar da Coltrane ya rasu yana da shekara 40. In ransa ya ɓaci sosai, ranar da Miles ya liƙa wa tarampet wayar lantarki ce, kuma zai kafa maka hujja da marubuci Stanley Crouch, wanda ya zargi Miles da sayar da kansa. Yana zama a sahun gaba, hannu naɗe a ƙirji, riga mai kauri ko maɓalli bai kwance ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bai taɓa fashin zuwa ba. Shekara da shekaru yana biyan kuɗi ya duba gawa, kullum ya tarar tana motsi, kullum ya koma gida yana ƙorafi.

Mai Riga Malam Masallaci

A wannan kiɗa shiru ma magana ce, ba ya nufin an gama. Kowa ya sani sai shi. Da makaɗa sun ɗan ja numfashi, sai ka ji tafi uku masu ƙarfi daga baya, na huɗu ya yi sanyi, na biyar ya rikiɗe ya zama karkaɗe ƙura daga wando. Idan kuma aka gama da gaske, shi kaɗai ne ba ya tafi, don an sha shi ya warke.

Muridi

Ba sauraro ya zo yi ba, ziyara ya zo. Shehinsa Sun Ra ne, wanda aka haifa a Birmingham ta jihar Alabama a 1914 amma ya dage cewa daga duniyar Saturn yake, ya yi ta yawo da ƙungiyarsa Arkestra cikin riguna masu walƙiya da huluna irin na Fir'aunonin Masar. Muridi bai ga abin dariya a nan ba. Zai tuna maka cewa shehin ya bar duniya a 1993 amma ƙungiyar tana nan, kuma jagoranta Marshall Allen ya cika shekara 100 a 2024 da saksofon a hannu, in ba karama ba mece ce wannan? Yana da 'yan'uwa a San Francisco, inda har coci aka kafa da sunan Coltrane. Ka ce masa ba ka fahimci waƙar ba, sai ya dafa kafaɗarka ya ce lokacinka ne bai yi ba. Yana ƙanshin turaren wuta, kuma ya ci bashin kusan duk wanda ke ɗakin.

Wadda Aka Jawo

Kowane dare akwai irinta, mace ko namiji, wanda ƙauna ta ja zuwa inda kunnensa bai aike shi ba. A gidanmu maiɗakina ce. Ranar da na sa Machine Gun na Peter Brötzmann, wanda mutum 8 suka naɗa a Bremen ta Jamus a 1968, da ludayi ta fito daga kicin tana tambaya akuyar wa ta maƙale a danga. A ɗakin kiɗa takan karanta takardar abinci sau uku, ta ƙirga fitilun rufi, ta duba agogo ta ƙarƙashin mayafi. Sannan ta matso ta ce, "Malam, wannan mai busar, an duba lafiyarsa kuwa?" Ita kaɗai ce ba ta zo da sanda ba. Shi ya sa take ganin abin da ya wuce mu: cewa mai bas ya harari mai fiyano, cewa mai ganga yana dariya shi kaɗai.

Dogarin Shiru

Ba wanda ya naɗa shi, amma ya kama aiki. Abin koyinsa Keith Jarrett, wanda ya yi shahararren kiɗan nan shi kaɗai a Kolon ta Jamus ranar 24 ga Janairu 1975, a kan wani ƙaramin fiyano mai ciwo da aka kawo masa bisa kuskure. Lokacin da yake hawa dandamali, an san Jarrett da dakatar da kiɗa in tari ya yi yawa a zaure, alhali shi kansa nishi da gurnani yake a kan fiyano har ana ji a faifai. Dogari ya ɗauki hukuncin ya bar gurnanin. Burinsa a duniya ya je Japan, inda akwai gidajen shayi na jaz da ake jera manyan lasifiku, a wasunsu ma a hana hira. Kafin Allah ya nufa, mu yake yi wa aiki. Ka motsa ƙafa ya waiwayo, ka haɗiye ruwa ya waiwayo. "Shhh" ɗinsa ta fi duk abin da yake hanawa ƙara.

Mai Neman Gida

Wannan ni ne, ba zan ɓoye ba. Duk saksofon da ya yi kuka, algaita nake ji. In na ga Evan Parker yana busa ba yankewa, yana shaƙa ta hanci kumatu na turawa, sai na zunguri na kusa da ni na ce masa masu algaitar ƙofar fada sun gaji wannan tun kaka da kakanni. Ina da hujjoji uku da ba na fita sai da su. Sun Ra ya zo Legas bikin FESTAC a 1977. A shekarar ce Lester Bowie na Art Ensemble ya zauna wurin Fela har ya yi busa a faifansa No Agreement. Yusef Lateef kuwa daga 1981 zuwa 1985 yana Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana nazarin sarewar Fulani. Duka gaskiya ne, amma na faɗe su har Akawu ma in ya hango ni sai ya shige bayi. Tawa sandar ke nan: in na ce abin namu ne, ba sai na amsa cewa ni ma na ɓata ba.

Wani dare mura ta kama ni, amma na je ɗakin kiɗa. An kai wurin da kiɗa ya yi ƙasa sosai, mai bas yana jan baka a hankali kamar mai goge, mai ganga ya ajiye sanduna ya ɗauki 'yan tsintsiyoyin waya. Sai na ji tari yana hawowa. Na lallaɓa aljihu na zaro alewa, na soma warware ledarta kaɗan-kaɗan, ita kuwa leda in ka lallaɓa ta sai ta fi tsiwa. Ƙyas. Dogari ya waiwayo. Ƙyas. Sai mai ganga ya ɗaga kai, ya murza tsintsiya a fatar ganga, ta ce ƙyas. Na tsaya cak, ya tsaya. Na ƙara murzawa, ya amsa sau biyu. Mai saksofon ya karɓa da iska zalla ba sauti, mai bas ya bi su, kafin ka ce kwabo ledar alewata ta zama waƙa. Ƙadangare yana ta gyaɗa kai, yau dai a kan abin da ya faru da gaske. Yatsun Mai Ƙidaya sun sandare a cinya. Dogari ya buɗe baki ya rasa wanda zai tsawata wa.

Maiɗakina ta zungure ni ta ce, "Malam, ashe hira suke yi. Ni duk zuwan da nake na ɗauka faɗa ne."

Na buɗe baki zan kawo mata zancen Zariya, sai tarin ya ƙwace. Can baya, mutum guda ya tafa sau uku.