Neman Haya a Abuja: Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi

Tun da Janar Babangida ya kwaso gwamnati daga Legas ya dire ta a Abuja a Disambar 1991, garin bai huta da baƙi ba: ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ɗan bautar ƙasa, mai farautar kwangila, da wanda ɗan garinsu ya ci zaɓe. Kowa ya sauka a tashar Jabi ko Zuba da tambaya ɗaya a bakinsa, wai ina ne haya take da sauƙi? Ba a rasa masu ba da amsa. Wadda mutum ya ɗauka ita ke tona halinsa.

Malam Lissafi shi ne ya fi yawa, kuma shi na fi tausaya wa. Ya ji kuɗin ɗaki a Wuse ya yi salati, ya ji na Garki ya nemi wurin zama. Sai wani ya raɗa masa Mararaba, wani ya ce ai Masaka ta fi. Ya fito da biro ya buga, ya ga rarar da za ta saya masa babur, ya biya yana murmushi. Sai daga baya ya gane ashe ya bar Abuja tuntuni, a jihar Nasarawa yake kwana. Abin da bai shiga takardarsa ba shi ne titin Keffi. Daga Mararaba zuwa Nyanya zuwa shataletalen AYA, motoci kan yi sahu tun duhu bai yaye ba, masu tallar biredi a ƙafa suna wuce su. Yakan fita kafin assalatu, ya yi asuba a gefen hanya, ya dawo bayan isha'i. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kwandasta ya karɓe rarar nan har da ƙari. Albashi mafi ƙanƙanta da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Ka cire kuɗin mota na wata ka ga me ya saura na cefane. Ran Asabar idan ya zauna a tsakar gida, autansa kan laɓe bayan uwa yana leƙen baƙo.

Kishiyarsa shi ne Alhaji Adireshi. Shi ba ɗaki yake nema ba, sunan unguwa yake haya. In dai za a ce Maitama ko Asokoro, ya yarda ya kwana a ɗakin bayan gida da aka gina don masu aikace-aikace, tagarsa na kallon janareto. Hotunan da yake turawa gida duk a gaban ƙofar maigidan ake ɗaukarsu, jikin motar maigidan. In aljihu ya ƙi, sai ya hau tudun Mpape, inda ake fasa dutse ƙura na sauka a tuwo, inda ƙasa ta yi ta girgiza a Satumbar 2018. Tambaye shi ina yake zaune. "Nan bayan Maitama kaɗan," in ji shi, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Akwai Sati Biyu. Wannan bai ɓata takalminsa wajen yawon duba gidaje ba. Ya sauka gidan ɗan kawunsa a Kubwa da jaka ɗaya: "Yaya, sati biyu kawai, kafin in samu wuri." Yanzu shi ke riƙe da rimot, shi ke gaya wa matar gida gishiri ya yi yawa, har ya fara karɓar nasa baƙin. A duk Abuja babu wanda ya kai shi dacen unguwa mai araha.

Ɗan Gida kuma da hanci yake zaɓe. Ba ruwansa da nisa ko kusa. A nuna masa masallacin da ake karatu bayan magariba, mai shayi da ya san ma'aunin madararsa, mai tsire, mai fura. Shi ya sa za ka tarar da shi a Dei-Dei, ko Zuba, ko ya zarce Suleja ta jihar Neja, inda in ya yi sallama a amsa masa yadda ya saba. Ni dai ban ga wautarsa ba. Ranar da zazzaɓi ya kayar da mutum, maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa ƙofa ya fi titi mai fitilu amfani. Sai dai shi ma Dutsen Zuma ya gaji da ganinsa safe da yamma.

Mai Gaggawa ya duba gida a watan Janairu, da rana tsaka, ana ba da wuta. Ya ga fenti sabo a ƙasan bango bai tambayi dalili ba. Ya ga kurar masu ruwa jere a layin ya ɗauka kasuwa ce. Agusta na zuwa ya tarar da tukwanensa suna iyo, kamar yadda mazauna wasu sassan Lokogoma da Lugbe suka sha gani. Ƙaninsa a wauta shi ne wanda ya samu gida rabin kuɗi, bai lura da jan gicciyen da aka shafa a katanga ba. Wanda ya ga rusau na zamanin da El-Rufai yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, ko daga barci ya tashi ya san ma'anar wannan fenti.

Sai Ɗan Jirgi, wanda ya duba duka ya ce a kai kasuwa. Ya bar iyali a Kaduna, tunda jirgin ƙasa na zirga-zirga tsakanin Rigasa da Idu tun 2016. Litinin zuwa Alhamis yana da tabarma a bayan kabad ɗin ofis, shi da maigadi sun zama aminai.

Dukansu kuwa, ban da Sati Biyu, ta hannun mutum ɗaya suke bi: dillali. Kafin ka ga ko ƙofa, ka biya kuɗin dubawa, kuma kai za ka biya masa mota. A bakinsa kowace unguwa "minti goma ce zuwa cikin gari", wuta "ba a ɗaukewa", ruwa "yana nan zuwa". In ka ce ka yarda, sai a karanto maka sauran: haya ta shekara, wani maigidan ma shekara biyu yake so a dunƙule, kashi goma na dillali, kuɗin lauyan da ba za ka taɓa gani ba, da kuɗin ajiya saboda ɓarnar da ba ka yi ba tukuna. Ka ɗan yi jim, wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya girgiza kai, ya dube ka da tausayi: "Ranka ya daɗe, wani ne daga Legas, yana hanya da kuɗinsa a hannu. Amma saboda kai namu ne, zan riƙe maka zuwa la'asar."