Dokar muhalli mai kunya da ladabi

A cikin dokokin ƙasar nan ban san wadda ta kai dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli tarbiyya ba. An haife ta a 1992, zamanin mulkin Janar Babangida, aka raɗa mata Doka ta 86, 'yan boko kuma suna kiran binciken da ta wajabta EIA. Yau ta ba shekara talatin baya, amma ka zaga ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, daga Kantoga har Basirka, da wuya ka sami ɗan kwangilar da zai ce ta taɓa ɗaga masa murya. Ba ta tsayar da katafila, ba ta shiga tsakanin babban mutum da abincinsa. Wanda ya rene ta ya iya reno.

Asalinta mai kyau ne. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, a Jihar Delta ta yanzu. Kunya ta kama gwamnati, ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a shekarar, bayan shekara huɗu kuma wannan doka ta biyo baya. Abin da ta faɗa a fili yake. Kafin a sara gatari a babban aiki, hanya ce ko madatsar ruwa ko wurin fasa dutse, a fara auna abin da aikin zai yi wa ƙasa da ruwa da iska da mutanen wurin, a rubuta, a ba jama'a damar magana, sannan hukuma ta ce a yi ko a bari. Wata doka da ta ji an ba ta irin wannan ƙarfi da ta ɗaga kai. Tamu sai ta sunkuyar.

Hikimar farko, wadda ta cancanci jinjina, ita ce ta wanda ke biyan kuɗin binciken. Mai aikin ne da kansa yake ɗauko ƙwararre daga cikin waɗanda Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince da su, ya biya shi, ya ce masa ya duba ya faɗa wa gwamnati ko aikin nan zai cutar da mutane. Wannan ai tattali ne. An raba baitulmali da kashe kuɗi, an kuma raba ƙwararre da ruɗani, don ya san gidan da tuwonsa ke fitowa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa rahotannin ke fitowa da daɗin karatu: akwai illa amma ƙarama ce, ta ɗan lokaci ce, za a yayyafa ruwa saboda ƙura, za a dasa itatuwa a madadin waɗanda aka sare. Ɗorawar da ta shekara hamsin tana ba gida kalwa da daddawa za a biya ta da tsiron darbejiya a leda, wanda akuya za ta gama da shi kafin kaka.

Sai batun jin ra'ayin jama'a, inda adalcin dokar ya fi fitowa. Ƙa'ida ta ce a baje rahoton har kwana 21 na aiki, a ma'aikatar muhalli ta jiha da sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa, a kuma sanar a jarida. Me talaka yake so da ya wuce haka? Manomi daga Sundumina ko Yalwan Damai yana da cikakken 'yanci ya bar gonarsa ana tsakiyar noma, ya biya ɗan acaɓa zuwa Birnin Kudu, ya nemi ofishin da aka ajiye littafin, ya jira mai riƙe da makulli ya dawo daga salla. Idan Allah ya taimake shi aka buɗe durowa, za a miƙo masa kundi mai ɗaruruwan shafuka, da Turanci irin na jami'a, cike da jadawalin sinadaran ruwa da sunayen itatuwa da Latinanci. Kukar da ke bakin gonarsa tana ciki, sai dai ba zai gane ta ba, an sa mata sunan da ko kakansa bai taɓa ji ba. Daga nan sai ya zauna ya rubuta ƙorafinsa ya aika Abuja. In bai yi ba, shirunsa ya zama yarda, kuma babu wanda ya hana shi magana. Matar da ke wanki da ɗiban ruwa a rafin da za a karkatar, da makiyayin da burtalinsa da mashayarsa ke cikin taswirar, su ma an ba su wannan dama daidai wa daida.

Akan kuma yi taro, kada a ce ba a yi ba. A kafa rumfa a ƙofar gidan hakimi, a jera kujerun roba, a kira dagatai da masu unguwanni da shugaban matasa. Baƙo ya tashi ya yi bayanin ci gaba da guraben aiki, a raba lemo, a zagaya da takarda kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Wannan takarda da hoton da aka ɗauka su ne za su koma bayan rahoto a matsayin shaidar cewa an tuntuɓi al'umma. Dattijon da ya ɗaga hannu zai ce wurin da aka shata hanyar ruwa ce tun kaka da kakanni, an gode masa, an ce za a duba.

Mu kuma yaba da kyautar da ayyukan hanya ke bar mana. Duk inda tifa ta kwashi marmara akan bar rami, wani ya fi tsayin ɗaki zurfi, bakinsa a tsaye kamar an yanka da wuƙa. A takarda an yi alkawarin cike shi ko gyara gaɓarsa kafin kamfani ya tashi. Amma don tausayin ƙauye sai a bar shi, damina ta cika shi, gari ya sami kududdufi kyauta. Sauro ya sami gida, ɗan kwangila ya huta da sayen man katafila, yara su sami wurin wanka. Duk shekara a Jigawa sai an ji sanarwar an tsamo gawar yaro daga kududdufi, a yi masa sutura, a ce kwana ya ƙare. Kwana yana ƙarewa, haƙiƙa. Ramin dai da hannu aka haƙa shi, kuma akwai wanda ya sa hannu a takarda cewa zai rufe shi.

A nan yabon ya maƙale mini a wuya. A watan Agustan 2021 ruwa ya cinye hanya a Radabi, tsakanin Gwaram da Basirka, motoci suka afka, mutum 21 suka rasu. A 2022 ambaliya ta sa Jigawa cikin jihohin da suka fi shan wahala a ƙasar nan. A Agustan 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, maƙwabciyarmu. Ruwan sama na Allah ne, amma faɗin kwalbati da tsayin gada da inda za a bar wa ruwa hanya lissafin mutum ne, kuma irin wannan lissafi shi ne dalilin da ya sa aka ce a yi bincike kafin aiki. Hanya idan aka ɗaga ta a tsakiyar fadama ba tare da isassun mafitar ruwa ba, ta zama madatsa: gefe ɗaya gonaki su nutse, ɗaya gefen ya bushe, ranar da ruwa ya fi ƙarfinta kuma ya ɓalle ta da wanda ke kai. Manomin wurin ya san wannan tun kafin a haifi injiniyan.

To, mu koma ga yabo. Dokar ta san darajar dutse. Ta ce duk wanda zai buɗe wurin fasa dutse a cikin tazarar kilomita 3 daga gidajen mutane dole ya yi cikakken bincike. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don Birnin Kudu garin duwatsu ne, kuma a Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu marasa tozo da mutanen da suka riga mu suka bari, da duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar kuge. Tun shekarun 1950 masu bincike irin su Bernard Fagg suka sanar da duniya labarinsu, suna kuma cikin kayan tarihin ƙasa da gwamnatin tarayya ta keɓe. Duk ranar da wani mai nakiya ya ga tsakuwa a duwatsun da ke kewaye, kada kowa ya damu. Za a rubuta babi guda a kan al'adu da kayan tarihi. Bangon da ya tsage da tarin da ya kama tsofaffi su ma suna da nasu layi a jadawali, an ce ana sa ido a kansu.

Mafi girman alherin dokar kuwa yana wajen hukunci. Mutum ɗaya idan ya karya ta, tarar naira 100,000 ko ɗaurin shekara biyar. Kamfani idan ya karya ta, tararsa ba za ta gaza naira 50,000 ba, ba kuma za ta wuce miliyan ɗaya ba. A 1992 aka rubuta waɗannan lambobi, naira ta yi ta zubewa, su suna nan daram. Yau mai kwangilar biliyoyi zai iya taka dokar daga farko har ƙarshe ya biya da kuɗin da bai kai na babban sa guda a kasuwar Sara ba. Kai, tarar ma ta fi binciken araha. Wace doka ce ta taɓa yi wa mai laifi irin wannan rangwame?

Mutanen Gwaram su suka fi kowa cancantar sanin wannan karamci, saboda abin da ke samansu. A ƙasar Ningi, a kan kogin Bunga, wanda ke gangarowa ya ratsa ƙasar Gwaram ya zama kogin Jama'are, akwai maganar madatsar Kafin Zaki. An ba da kwangilarta zamanin Shagari, aka soke a 1984, aka farfaɗo da ita a 1992, aka sake sokewa a 1994, har yau duk ɗan siyasar da ke neman ƙuri'ar Bauchi yakan taɓo ta. Bauchi na son ta don noman rani, kuma buƙatarsu gaskiya ce. Yobe da Borno sun daɗe suna tsoron ta. Tsoron ba na banza ba ne: an gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, daga nan yadda ruwa ke malala a fadamun Haɗeja da Nguru ya sauya, kacala ta toshe magudanai, masunta da manoman shinkafa da makiyaya suka biya farashin. An gina Tiga babu wannan doka, sai a ce rashin sani ne. Kafin Zaki kuwa in ta zo, za ta zo da rahotonta mai bango mai sheƙi, kuma mai lambun bakin kogi a Gwaram zai rasa ruwansa bisa ƙa'ida.

Saboda haka ina roƙon 'yan majalisarmu na tarayya, musamman masu wakiltar Birnin Kudu da Gwaram, da su bar baiwar Allah nan yadda take. Kada a ɗaga tarar nan har kamfani ya ji zafinta. Kada a ce mai aiki ya zuba kuɗin bincike a wani asusu dabam, hukuma ta zaɓi mai binciken, don hakan zai sa ƙwararre ya fara rubuta abin da idonsa ya gani. Kada a riƙe wa ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai dagacin wurin ya shaida an cike ramin marmara. Abin da ya fi kowanne haɗari kuwa, kada wani ya kuskura ya sa a taƙaita rahoton da Hausa da Fulatanci, a boko da ajami, a karanta shi a Rediyon Jigawa da bakin masallaci ranar Juma'a, domin in aka yi haka mutanen Kila da Farin Dutse za su san abin da aka shirya wa gonakinsu tun katafila ba ta iso ba, kuma za su yi tambaya.