Barka da Arziki, Mutanen Zungur

Ya kamata a yi wa mutanen ƙasar Zungur barka da arziki. Wasu sai sun ɗaure kaya sun shiga mota kafin su ga birni. Su kuwa suna zaune a ƙofar gida birnin Bauchi ya tako har cikin gonakinsu, ya yi sallama, ya shimfiɗa tabarma, sannan cikin ladabi ya nuna musu hanyar fita. In wannan ba gata ba ne, mene ne gata?

A zamanin duhun kai, wanda ya bar Yalwa ya miƙi hanyar Dass ba abin da zai gani sai dawa da masara da gyaɗa, sai ɗorawa jefi-jefi. Abin kunya! Tun da Bauchi ta zama hedikwatar jiha a 1976 aka fara samun sauƙin wannan annoba. Ma'aikata suka cika gari, jami'a ta sauka a Yalwa, kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta kafu a Gwallameji. Daga baya rikicin Jos na 2001 da fitinar Boko Haram suka koro bayin Allah masu neman inda za su sa haƙarƙarinsu, kuma su kam ba wanda zai ga laifinsu. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Bauchi ta doshi mutum rabin miliyan, ganuwar Sarki Yakubu ta daɗe da yi wa garin kaɗan. Yau a Rafin Zurfi, Birshi, Bayara, har Miri ta hanyar Jos, sai ka sha wuya kafin ka ga rumbu. Alhamdu lillahi.

Jinjina ta farko ta dillalan filaye ce, gwarzayen awon igiya. Mutum ne ba shi da taswira, ba shi da ofis, daga igiya sai turaku sai wayar hannu biyu, amma kafin la'asar ya mai da gandun da ya ciyar da zuriya huɗu fuloti-fuloti. Ba ya almubazzaranci da ƙasa: ba filin makaranta, ba na maƙabarta, ba magudanar ruwa, burtali kuwa shanu su yi fiffike. Lungun da yake bari Keke Napep biyu ba sa iya giftawa sai direbobin sun tsaya sun gaisa, ga raya zumunci. Wani ma saboda tsabar adalci yakan sayar wa mutum uku fuloti ɗaya, don kada kowa ya rasa. Alƙalai da lauyoyi su ma suna da iyali.

Manomin fa? Shi ne ya fi kowa cin riba. An ƙirga masa kuɗin da bai taɓa gani ba, ya sayi babur, ya yi amarya, ya rufa kwano, ya raba wa 'yan'uwa nasu kason gado. Damina biyu kuɗi suka ce ga garinku nan. Amma birni ba butulu ba ne. Alhajin da ya gina bene a gonar ya ɗauke shi gadi, ya gina masa ɗan ɗaki a jikin get mai taga kamar ta kurkuku, ya ba shi benci da tocila. A daidai inda mahaifinsa ke ɗaure jaki, nan yake zama yana jiran ƙarar hon. Ya zabura, ya ja ƙarfe, ya rusuna: "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe." Yaran gidan, masu tarbiyya, suna ce masa Baba Maigadi. Ya huta da fartanya, ya huta da sassabe, masara kuwa sai ya auno mudu a kasuwar Muda Lawal kamar kowane wayayye.

Hukuma ma ba a bar ta a baya ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, kuma in aka karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar amfanin gona da gini ake biya, ba ta ƙasar kanta ba. Hikima ke nan: me talaka zai yi da kuɗi masu yawa, in ba su lalata shi ba?

Haya kuwa sai son barka. Masu gidaje a Gwallameji sun gano cewa ɗalibi mai ɗaki da banɗaki a ciki ya fi magidanci mai 'ya'ya shida albarka, ga shi yana biyan shekara a dunƙule. Malamin firamare da tela sun matsa gaba can bayan gari, inda iska ta fi kyau, kuma tafiyar ƙafa maganin hawan jini ce. Rijiyoyin unguwa sun ja baya tun da kowane bene ya haƙa burtsatse, sai sana'ar ga-ruwa ta bunƙasa. Masu hassada na kiran wannan ci gaban mai haƙan rijiya. A bar su da halinsu.

Malam Sa'adu Zungur, wanda ya ƙare rayuwarsa yana faɗa don talaka har ya rasu a 1958, da zai dawo da ya ga an kammala aikinsa. An sa wa jami'ar jiha da ke Gadau sunansa, talakan kuma an kawar da shi daga gaban ido, ba mai ganin wahalarsa balle ransa ya ɓaci.

Saura ku, mutanen Liman Katagum da kewaye. Ku kwantar da hankalinku, layi na zuwa kanku. Kada ku ɓata kuɗi wajen sayen taki bana. Ku dai fara koya wa yaranku buɗe get da rusunawa, don masu neman aikin sun yi yawa.